Yadda za ka yi zirga-zirga cikin rubutu ba tare da sakin kibod ba

Ka lura da mai gyaran rubutu a kwamfuta. Ba buga haruffan ke cin lokacinsa ba, kai-kawon da yake yi kafin ya isa wurin gyaran ne. Ya hango harafi ɗaya ya ɓace a layi na uku, sai ya saki kibod, ya lalubi maus, ya auna, ya danna, abin ya faɗa gefen inda yake so, ya sake aunawa. Ko kuma ya danne kibiyar hagu ya zuba ido tana rarrafe harafi-harafi, ta zarce wurin, ya dawo da ita. In sau ɗaya ne babu damuwa. Amma ɗalibin da malaminsa ya dawo masa da furojet cike da jan biro, ko mai shagon buga takardu da mutane ke tsaye a kansa, gyara ɗari yake yi a zama guda.

Ba haddar dogon jadawali zan ba ka ba. Tsari ne guda ɗaya da ke ƙarƙashin kusan duk waɗannan maɓallai: akwai maɓallan tafiya, Ctrl yana faɗaɗa takunsu, Shift kuma yana zaɓar duk abin da ka bi ta kansa. In wannan ya zauna maka, sauran za ka riƙa cankar su da kanka. Zan fara da Windows don shi ya fi yawa a hannun mutane, sannan in taɓo Mac da sauransu.

Kafin nan, a bambanta abu biyu. Akwai 'yar sandar nan mai ƙyaftawa wadda ke nuna inda harafi na gaba zai sauka, ita ce sandar rubutu, ita muke son tuƙawa. Akwai kuma abin da idonka ke gani a allo. In ka murza tayar maus ka gangara shafi goma, kallonka ne ya tafi, sandar tana nan inda ka bar ta. Shi ya sa da ka taɓa harafi ɗaya sai ka ga allo ya yi tsalle ya koma baya.

Mataki na farko: nemo maɓallan a kan na'urarka

Buɗe Word ko Notepad, ka zuba rubutu na gaske, sakin layi huɗu ko biyar. Ture maus can gefe. Yanzu nemo Home, End, Page Up da Page Down. A babban kibod na tebur suna sama da kibiyoyi huɗun nan. A kwamfutar cinya kuwa kowane kamfani da inda yake cusa su. Wasu na jera su a layin sama, wasu a gefen dama, ƙanana da yawa kuma suna ɗora su a kan kibiyoyin: Fn da kibiyar hagu shi ne Home, Fn da ta dama End, Fn da ta sama Page Up, Fn da ta ƙasa Page Down. Duba jikin maɓallan, yawanci an rubuta da ƙananan haruffa. In kibod ɗinka na da rukunin lambobi a dama, kashe Num Lock: 7 ya zama Home, 1 ya zama End, 9 da 3 su zama Page Up da Page Down.

Kada ka tsallake wannan mataki. Mutane da yawa sun haƙura da Home da End ne kawai don ba su taɓa gano inda aka ɓoye su ba.

Mataki na biyu: tafiya kalma-kalma

In abu ɗaya kaɗai za ka ɗauka daga nan, ɗauki wannan. Danne Ctrl, ka buga kibiyar hagu ko ta dama. Maimakon harafi ɗaya, sandar za ta tsallake kalma guda. Kamar ƙara giya ne a babur, hanya ɗaya ce amma ba a tafiya iri ɗaya.

Buga wannan jimla ka gwada: Shugaban ƙungiya ya ce za a yi taron ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma.

Sandar tana ƙarshe, bayan aya. Sai aka ce maka ba Asabar ba ce, Lahadi ce. Da kibiyar hagu ita kaɗai, sai ka buga sau 30 kafin ka isa farkon Asabar. Da Ctrl a danne, bugu shida ne ko bakwai, ya danganta da ko manhajar tana tsayawa a kan aya. Ka iso farkon kalmar. Yanzu ƙara Shift: Ctrl da Shift da kibiyar dama, bugu ɗaya. Asabar ta haskaka. Rubuta Lahadi kai tsaye, ba sai ka goge ba, sabon rubutu yana maye gurbin abin da aka zaɓa.

Ga inda ake tuntuɓe. A Word, zaɓin yana haɗawa da gurbin da ke bayan kalmar, don haka in ba ka lura ba za ka tashi da "Lahadida ƙarfe". Ko dai ka ƙara gurbi bayan ka rubuta, ko kuma kafin ka rubuta ka saki Ctrl, Shift na danne, ka buga kibiyar hagu sau ɗaya don gurbin ya fita daga zaɓin.

Haka nan ka san inda sandar ke sauka. Ctrl da hagu kullum farkon kalma yake kai ka. Ctrl da dama kuwa ya bambanta: a Word da Notepad farkon kalma ta gaba yake sauka, a VS Code kuma, wata manhajar rubuta shirye-shiryen kwamfuta, ƙarshen kalmar da kake ciki. Gwada a manhajar da ka fi amfani da ita har hannunka ya saba da ɗabi'arta.

Wannan Ctrl ɗin yana aiki a kan gogewa ma. Ctrl da Backspace yana share kalmar da ke bayan sandar, Ctrl da Delete yana share wadda ke gabanta. In na kuskure kalma ina cikin bugu, na fi son in share ta gaba ɗaya in sake ta, ya fi in tsaya ina tsintar harafin da ya karkace.

Rubutun Hausa yana da nasa halin a nan. Kalmomi masu karan ɗori irin su sannu-sannu da yau-da-kullum, Word yana tsayawa a kan kowane karan, don haka za ka ga bugun ya ƙaru. Alamar nan ta cikin sa'a da ma'ana da 'ya'ya kuwa, manhajoji sun rabu a kanta. VS Code yana ɗaukarta a matsayin iyaka, sai ya raba kalmar biyu. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa nake ba mutane shawara su daina rubuta k' da d' da b' a madadin ƙ da ɗ da ɓ. Haruffa masu lanƙwasa cikakkun haruffa ne a wurin kwamfuta, kalma tana zama dunƙule. In ka gaji rubutun da aka yi da tsohon salon, Ctrl da H yana buɗe akwatin musanya, ka sauya su, amma ka bi ɗaya bayan ɗaya a karon farko kafin ka ce a sauya duka.

Mataki na uku: layi da sakin layi

Home yana kai ka farkon layi, End ƙarshensa. Haɗa su da Shift: in kana tsakiyar layi, Shift da End zai zaɓi daga inda kake zuwa ƙarshe, Shift da Home daga inda kake zuwa farko. Layi gaba ɗaya kake so? Home, sannan Shift da End. Layuka uku? Home, sannan Shift da kibiyar ƙasa sau uku.

A manhajojin rubuta shirye-shiryen kwamfuta irin su VS Code da Notepad++, Home yana da matsaya biyu. Bugun farko ya kai ka harafin farko na layin, bayan guraben da aka tura shi da su, bugu na biyu ya kai ka can bakin gefe.

Ctrl da kibiyar sama ko ta ƙasa a Word yana tafiya sakin layi-sakin layi. Ga mai gyaran maƙala ko babin littafi wannan babban abu ne, domin yawanci tunaninka ma a sakin layi yake tafiya. Ka ce kana son ɗauke sakin layi na uku ka mai da shi na farko: Ctrl da sama har ka tsaya a farkonsa, Ctrl da Shift da ƙasa sau ɗaya ya zaɓe shi duka, Ctrl da X ya yanke, Ctrl da sama sau biyu, Ctrl da V ya zuba shi. Hannunka bai bar kibod ba, kuma ba ka bar rabin jimla a baya ba kamar yadda ake yi in ana jan zaɓi da maus.

Sai dai a wurin kwamfuta, sakin layi yana ƙarewa ne duk inda aka buga Enter. Wanda ya saba buga Enter a ƙarshen kowane layi, kamar zamanin tafireta, ya mai da kowane layi sakin layi, ya kashe wa kansa wannan hanya. Bar layi ya naɗe da kansa. Haka mai tura babi zuwa sabon shafi da Enter ashirin: Ctrl da Enter sau ɗaya yana yin aikin, kuma ba ya rushewa in an ƙara rubutu a sama.

A VS Code da Notepad++ kuwa, Ctrl da kibiyar sama ko ta ƙasa wani aiki yake yi daban, allon yake gungurawa layi ɗaya sandar na nan a wurinta.

Mataki na huɗu: dogon tsalle

Page Up da Page Down ba shafin takarda suke bi ba, cikin allo guda suke tafiya. Ctrl da Home yana kai ka farkon takarda, Ctrl da End ƙarshenta, ko da shafi 300 ne. Sa Shift a ciki, Ctrl da Shift da End, ka zaɓi komai daga inda kake har ƙasa. Da shi ake sare dogon wutsiyar saƙon da aka kwafo.

In kuwa ka san inda za ka, kada ka bi hanya, ka faɗa wa manhajar. Ctrl da G a Word yana buɗe akwatin zuwa wuri. Rubuta 47, buga Enter, ka sauka a shafi na 47, Esc ya rufe akwatin. Yana karɓar +3 ko -3 ma, wato shafi uku gaba ko baya daga inda kake. A Notepad da Notepad++ da VS Code, Ctrl da G lambar layi yake tambaya, abin da masu rubuta shirye-shirye ke buƙata in an ce musu kuskure na layi na 212.

Ga wata dabara ga mai bin gyaran da aka yi masa a kan takardar da aka buga. Fara daga shafin ƙarshe ka yo baya. In ka fara daga gaba, duk jimlar da ka ƙara ko ka cire tana ture abin da ke ƙasa, kafin ka kai tsakiya lambobin shafin da ke allo sun daina dacewa da na takardar hannunka. In daga baya ka faro, shafukan da ba ka kai ba suna nan yadda aka buga su.

Ctrl da F kowa ya san shi da bincike, amma ni a matsayin abin hawa na ɗauke shi. Ka hango wurin gyara a takarda, zaɓi kalma mafi ƙarancin maimaituwa a jimlar. Kada ka nemi "da" ko "wanda", nemi suna ko lamba ko wata kalma da ba ta cika zuwa ba. Haruffa huɗu ko biyar sun isa. Enter ya kai ka, Esc ya mayar da kai cikin rubutun. A Notepad da VS Code, F3 yana kai ka wuri na gaba da kalmar ta fito, Shift da F3 na baya. A kula, a Word Shift da F3 ba bincike yake yi ba, haruffa yake juyawa tsakanin manya da ƙanana.

Akwai maɓalli biyu a Word da nake ganin an yi musu rashin adalci, don ba a cika koyar da su ba. Na farko Shift da F5. Kana rubutu a shafi na 60, ka haura shafi na 4 don duba yadda ka rubuta wani suna, yanzu kana son komawa. Shift da F5 zai mai da kai wurin da ka yi gyara na ƙarshe, in ka sake bugawa ya kai ka na kafin shi. A VS Code na Windows, Alt da kibiyar hagu ke yin makamancin wannan. Na biyu F8. Bugu ɗaya yana kunna zaɓi, duk inda ka nufa da kibiya sai ya haskaka ba tare da ka riƙe Shift ba. Bugu biyu ya zaɓi kalma, uku jimla, huɗu sakin layi. Esc ke kashe shi. Zaɓar jimla cif daga farkonta zuwa ayarta, babu hanyar da ta fi wannan sauƙi a kibod.

In rubutunka na da Larabci ko ajami

Marubutan Hausa da yawa suna sako aya ko hadisi ko baitin ajami a tsakiyar boko, kuma nan ne sandar ke rikita mutum. Kana buga kibiyar dama, tana isa Larabcin sai ta yi tsalle zuwa ɗaya gefen ta fara tafiya hagu. Ba lalacewa ba ce. Manhajar tana bin jerin haruffa ne yadda ake karanta su, Larabci kuma daga dama yake farawa. In an kunna harshen da ake rubutawa daga dama a Word, za ka samu zaɓi a sashen Advanced na Options inda za ka ce sandar ta bi tsarin karatu ko ta bi yadda ido ke gani. Haka kuma a sakin layin da aka saita daga dama, Home gefen dama zai kai ka, don nan ne farkonsa.

Tarkunan da ke kan hanya

Alt yana maƙwabtaka da Ctrl, kuma a burauza Alt da kibiyar hagu yana nufin koma shafin baya. In kana cike dogon fom na neman aiki ko gurbin karatu, wannan kuskure na iya tafiya da duk abin da ka rubuta. Dogon bayani ka rubuta shi a Notepad tukuna, sannan ka kwafa ka zuba. A wasu kwamfutoci Ctrl da Alt da kibiya yana juya allo a kaikaice ko a kife, Ctrl da Alt da kibiyar sama ke daidaita shi. Insert yana kusa da Home, in ka taɓa shi a wasu manhajoji sabon harafi zai riƙa cinye na gabansa, sake buga shi ya daina. In ka zaɓi rubutu mai yawa hannunka ya taɓa wani harafi komai ya ɓace, kada ka buga komai, Ctrl da Z zai dawo da shi.

Mac

Tsarin ɗaya ne, maɓallan ne suka sauya. Option da hagu ko dama kalma-kalma ne, kuma in ka nufi dama ƙarshen kalma yake sauka. Command da hagu ko dama farkon layi da ƙarshensa. Command da sama ko ƙasa farkon takarda da ƙarshenta. Option da sama ko ƙasa sakin layi. Shift yana nan da aikinsa na zaɓi, Option da Delete kuma ya share kalma. Abin da ke ba wanda ya fito daga Windows mamaki shi ne Home da End, waɗanda ake samu da Fn da kibiya: a manhajojin Apple allon kawai suke gungurawa, ba sa ɗaga sandar. Macintosh na farko da ya fito a 1984 ma babu kibiyoyi a kibod ɗinsa sam, an so a tilasta wa mutane sabawa da maus, daga baya aka sako su.

Ga masu aiki a tamina

In kana aiki a taminar Linux, wato tagar da ake buga wa kwamfuta umarni a rubuce, Ctrl da A farkon layi ne, Ctrl da E ƙarshensa, Alt da B kalma ɗaya baya, Alt da F kalma ɗaya gaba. Daga manhajar gyaran rubutu ta Emacs aka gaji waɗannan, kuma Ctrl da A da Ctrl da E suna aiki a nano, wata manhajar gyaran rubutu ta cikin tamina, har ma a yawancin akwatunan rubutu na Mac. A nano Ctrl da W bincike ne, Ctrl da V kuwa ba zubawa ba ne, allo guda yake gangarawa.

Vim, shi ma na gyaran rubutu ne a tamina, amma duniyarsa daban. Buga Esc tukuna don ka fita daga yanayin rubutu, daga nan haruffa su zama maɓallan tafiya: h hagu, j ƙasa, k sama, l dama. Bill Joy ne ya rubuta vi, wanda Vim ya samo asali daga gare shi, a 1976 a kan na'urar ADM-3A, wadda aka zana kibiyoyi a kan waɗannan haruffa huɗu, abin ya zauna har yau. w kalma gaba, b kalma baya, 0 farkon layi, $ ƙarshensa, gg saman fayil, G ƙasansa. Lamba tana ninka umarni: 5w kalma biyar, 212G layi na 212.

A waya

Ko a waya ba sai ka yi ta dangwala yatsa tsakanin haruffa ba. A Gboard, wato kibod ɗin Google na waya, ɗora yatsa a kan dogon maɓallin gurbi ka ja hagu ko dama, sandar za ta bi ka. A iPhone, danne maɓallin gurbin har haruffa su dushe, sai ka ja ta duk inda kake so, har sama da ƙasa.

Yadda abin zai shiga hannu

Kada ka ɗebo su duka rana ɗaya. Fara da Ctrl da kibiyoyin hagu da dama, haɗe da Ctrl da Backspace, ka yi aikinka na yau da kullum da su har ka daina tunani kafin ka buga. Sannan ka ƙara Home da End, sannan Shift a kan dukkansu, dogayen tsalle su zo daga ƙarshe. A kwanakin farko za ka ji kamar ka rage sauri, kuma hannunka zai riƙa zamewa zuwa maus da kansa. In ka kama shi a hanya, dawo da shi ka yi tafiyar da kibod ko da ta fi jinkiri a lokacin. Ban ce a jefar da maus ba. Jan hoto, daidaita jadawali, ko faɗawa wani wuri can tsakiyar allo da ido ya riga ya gani, duk ya fi dacewa da su.

Raba aikin tsakanin hannu biyu. Ƙaramin yatsan hagu a kan Ctrl na hagu, na kusa da shi a kan Shift, hannun dama a kan kibiyoyi da Home da End. Masu ƙoƙarin haɗa duka da hannu ɗaya su ne wuyan hannunsu ke gajiya da wuri.

Wanda kuma riƙe maɓalli uku lokaci guda ke yi masa wuya, saboda ciwo ko don hannu ɗaya yake aiki da shi, Windows yana da Sticky Keys. Buga Shift sau biyar a jere, akwati zai fito ya tambaye ka ko a kunna. In ka amince, sai ka riƙa buga su ɗaya bayan ɗaya: Ctrl, ka saki, Shift, ka saki, sannan kibiya. Mac ma yana da irinsa a sashen Accessibility, ƙarƙashin saitin kibod.